Amsa: BIO na kanka a OpenSSL, da abin da ke kashe gaisuwar TLS a kan modem

Wa'alaikumus salam malam. Idan na fahimce ka daidai, Raspberry Pi ne ka ajiye a wani foraj wajen Mirriya, yana karanta kwantar ruwa yana tura lambobin zuwa saba nan Damagaram ta modem ɗin SIM800. Da umarnin AT kake magana da modem, ba soket, shi ya sa ka rubuta BIO naka da BIO_meth_new, wato hanyar da OpenSSL, laburaren da ke ɓoye bayanai da TLS, zai bi ya aika bait ya karɓa. Amma SSL_connect sai ya dawo da SSL_ERROR_SYSCALL, ka tambayi ERR_get_error kuma ya ba ka sifili.

Kafin ka taɓa komai, sa layi guda a farkon ayyuka uku na BIO ɗinka, mai karantawa da mai rubutawa da ctrl mai amsa sauran umarni, kowa ya buga sunansa da tsawon da aka nema. Abin da ka gani a allo shi zai nuna maka inda cutar take.

Idan an kira mai rubutawa sau ɗaya, bait ɗin farko 16 03 01, sannan ba a taɓa kiran mai karantawa ba, to laifin ctrl ne. Lokacin gaisuwa OpenSSL na sa wani BIO na tara bayanai gaban naka, yana gama ClientHello, saƙon farko na gaisuwa, sai ya aiko BIO_CTRL_FLUSH. Da yawa kan rubuta ctrl ya mayar da 0 ga kowane umarni, shi kuwa OpenSSL 0 a nan gazawa ce, sai ya tsaya ba tare da ya ajiye wani kuskure ba. Mayar da 1 ga BIO_CTRL_FLUSH. Ga BIO_CTRL_EOF ka mayar da 1 in modem ya riga ya ce CLOSED kuma ma'ajin da kake tara abin da modem ya kawo babu saura, in ba haka ba 0. Sauran da ba ka sani ba, har da PUSH da POP, 0 ya ishe su. Amma kada ka bar ctrl ba a saka ba.

Idan kuwa an kira mai karantawa da tsawon 5 sannan komai ya mutu, nan ne aikin yake, kuma a kan 2G shi ya fi kama mutane. OpenSSL ba ya ganin modem, ba ya ganin rezo, abin da ka faɗa masa kaɗai ya sani, kuma amsa uku ce gare ka: ga bait kaza, babu komai tukuna, ko layi ya yanke. Ta biyu da ta uku ake cakuɗawa. Saba na iya ɗaukar daƙiƙa ɗaya ko biyu kafin amsarsa ta iso, a tsakanin nan ma'ajinka fanko ne. Ka mayar da 0 haka kawai, kamar an aiko yaro gidanka ne ka ce masa ka tashi daga unguwar, alhali cewa za ka yi ya dawo anjima. Tsarin shi ne: layin farko BIO_clear_retry_flags, mai share tutar a sake gwadawa, kullum. In ma'aji fanko ne kuma layi na raye, BIO_set_retry_read sannan -1. In layi ya yanke, 0 ba tuta. Wanda ya manta share tutar a farko shi ma yana da tasa: tutar ɗazu na nan a tsaye, layi ya mutu tuni, shirin na ta zagaye yana jiran WANT_READ har bateri ya ƙare.

Ka kula da wane iri ka yi rajista. BIO_meth_set_read da BIO_meth_set_write, waɗanda suka zo da 1.1.0 a 2016, adadin bait suke mayarwa. Masu _ex na 1.1.1 kuwa 1 ko 0 suke mayarwa, adadin ana rubuta shi ne a manunin da aka miƙo maka. Ɗauki iri ɗaya ka tsaya a kansa. Haka kuma a create ka kira BIO_set_init da 1, ko bayan BIO_set_data, in ba haka ba ko kiran naka ba za a yi ba, sai dai ka ga uninitialized.

Wancan 5 ɗin da ka gani kan ƙunshin TLS ne: bait ɗaya na nau'i, biyu na siga, biyu na tsawo. OpenSSL kan nemi biyar ɗin, ya ga tsawo, sannan ya dawo neman jiki. Ke nan in modem ya ba ka bait 1460, biyar za ka miƙa, sauran 1455 su zauna a ma'ajin da ka rataya da BIO_set_data. Kada ka je wurin modem don bait biyar, kowane zuwa umarni ne da amsa a kan waya mai 115200, wadda iyakar gudunta bait 11520 ne a daƙiƙa. Kada kuma ka jira sai abin da aka nema ya cika, in uku gare ka miƙa uku, zai dawo.

Rubutawa ma haka. AT+CIPSEND ba ya ɗaukar fiye da kusan 1460 a tafi ɗaya, AT+CIPSEND? zai gaya maka ainihin iyakar. Ƙunshin TLS kuwa yana kai 16384 da ɗoriya. In aka miƙo maka 4000, tura abin da zai shiga ka faɗi adadin gaskiya, OpenSSL zai kawo sauran. Kada ka ce ai lambobin kwanta ƴan kaɗan ne: daga OpenSSL 3.5 na 2025 ClientHello na ɗauke da mabuɗin X25519MLKEM768 mai bait 1216, ita kaɗai tana kusan cika ma'aunin ko ta wuce. Sannan dole ka ba CIPSEND tsawo, AT+CIPSEND=tsawo. Wanda ba tsawo jiran 0x1A yake don ya aika, 0x1B kuma na soke aikawa, su biyun kuwa suna faɗowa ko'ina cikin ɓoyayyen bayani.

Bayan ka wuce nan za ka iya cin karo da wrong version number ko bad record mac. Duka biyun ma'anarsu bait ɗin da ya isa ba shi aka aiko ba. Hanya biyu ce ta fi kawo shi. Ta farko maganar modem ce ke shiga cikin bayanan, OK, SEND OK, CLOSED da makamantansu. Maganinta AT+CIPRXGET=1 kafin CIPSTART, modem ya riƙe abin da ya iso ya sanar da kai, kai kuma ka ɗebo da AT+CIPRXGET=2,1460, ka karanta adadin da ke layin amsa, ka ƙirga bait daidai wannan adadin, ba neman ƙarshen layi ba. Ta biyu tashar siriyal ce ta Linux. In ba ka kira cfmakeraw ba, tana mayar da 0x0D ya zama 0x0A, tana haɗiye 0x13 da 0x11 a matsayin umarnin tsaya da ci gaba. Wannan yana da ban haushi don gajeren saƙo kan wuce lafiya, dogo ne ke faɗuwa, sai a ɗora wa rezo laifi. Ka kuma tabbata konsol ɗin Linux ba ya kan tashar. In wayoyin RTS da CTS na haɗe, AT+IFC=2,2.

Shawarata, kada ka gwada BIO da modem a lokaci guda. Zauna da kwamfuta, sa BIO ɗinka ya bi soket na yau da kullum zuwa openssl s_server, sai ka matsa masa da gangan: karatu bait ɗaya-ɗaya, rubutu bakwai-bakwai, kowane kira na uku ka ce babu tukuna. Ya gama gaisuwa a haka, sai ka ɗora shi kan modem, duk abin da ya ɓaci daga nan ka san ɓangaren AT ne.

A wajen BIO ɗin, duk SSL_connect da SSL_read da SSL_write na iya dawo da WANT_READ ko WANT_WRITE, ba ruwansu da sunan da ka kira. Sai ka jira modem ka maimaita kiran. SSL_write ana maimaita shi da ma'aji ɗaya da bayani ɗaya, ka canja wuri ka ga bad write retry, sai in ka kunna SSL_MODE_ACCEPT_MOVING_WRITE_BUFFER. Wa'adi kuma naka ne, OpenSSL ba ya ƙirga lokaci a TLS. Ni dai daƙiƙa 60 nake ganin ya dace da gaisuwa a 2G, in ta wuce a rufe a sake daga farko. SSL_get_fd zai ba ka -1, kada ka kai shi select.

BIO_get_new_index da BIO_meth_new sau ɗaya ake kiransu a rayuwar shirin, a haɗa lambar da BIO_TYPE_SOURCE_SINK. Lambobin ƴan kaɗan ne, na'urar da ke sake haɗawa duk minti goma sha biyar za ta cinye su cikin kwana biyu in kana kira a kowane haɗi. SSL_set_bio da BIO ɗaya a gurbi biyu ya karɓe shi ke nan, SSL_free zai sake shi, kada ka ƙara BIO_free a kai.

Tunda Linux gare ka, ka sani pppd, shirin da ke haɗa Linux da intanet ta modem, na iya buga *99# ya ba ka soket sosai, duk wannan wahala ta kau. BIO na kanka ya cancanta ne in kana son riƙe modem a hannunka, kana kashe shi don tattalin pano da bateri, kana duba SMS tsakani. In ka koma ƙaramin guntu da mbedTLS, mbedtls_ssl_set_bio ne, amsoshin ukun nan dai su ne, MBEDTLS_ERR_SSL_WANT_READ ke tsayawa a madadin tuta.

Abu biyu za su tare ka da zarar gaisuwa ta fara tafiya. Sunan saba modem ka ba a CIPSTART, OpenSSL bai ji ba, don haka ka kira SSL_set_tlsext_host_name da SSL_set1_host, ka kunna SSL_VERIFY_PEER, in ba haka ba duk wanda ya tsaya tsakani da shi za ka ɓoye magana. Sai agogo. Pi 3 da Pi 4 ba su da agogo mai bateri, kuma tunda ba soket, NTP, mai saita agogo ta intanet, ba zai gyara maka ba. Wuta ta ɗauke ta dawo, kwanan wata na iya komawa baya, SSL_get_verify_result ya ba ka 9, wato lokacin satifiket bai yi ba tukuna. Sa AT+CLTS=1 ka adana da AT&W, in rezo na aiko lokaci AT+CCLK? zai nuna shi. Lokacin gida ne yake bayarwa, +04 ɗin ƙarshe rubu'in awa huɗu ne, wato awa ɗaya ta Nijar, sai ka cire ta kafin ka saita agogon. Ba ko'ina rezo ke aikowa ba, saboda haka ga na'urar da za ta kwana a daji ka ƙara guntun agogo mai bateri, DS3231, a kan I2C.