Ku Tambaya Mu Amsa: Abin Sha Na Kirki Ga Baƙo A Legas

Tambaya: Assalamu alaikum. Zan yi mako biyu a Legas wajen sarin kaya, masaukina a Ikeja. Ni kuwa ba na iya wuni ban sha fura ba. Ina zan sami ta gaske, kuma yaya zan gane mai kyau? Daga wani mai karatu a Funtuwa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ka yi sa'ar masauki, domin Agege, inda Hausawa suka daɗe da kafa zango, tana maƙwabtaka da Ikeja, kuma jirgin ƙasan Red Line da ya fara ɗaukar fasinja a 2024 yana tsayawa a duka biyun. Akwai kuma Idi-Araba kusa da asibitin koyarwa na LUTH, da kasuwar Mile 12 inda ake sauke tumatir da albasar Arewa. Sai dai masu damun kirki ba su cika kafa allo ba. Ka yi sallar azahar a masallacin unguwa, ka tambayi mai shayin bakin ƙofa, "Wa ke dama fura a nan?" In mutum uku suka ambaci wuri ɗaya, nufi can.

Gaskiyar magana, wani nonon da ake sayarwa a Legas na madarar gari ne da aka kwaɓa aka zuba masa iri ya kwana. Wannan ba aibi ba ne in da tsabta, amma kada a karɓi kuɗin kindirmo a hannunka. Na shanu yana da maiƙo da ƙamshinsa, kuma in ya zauna ruwa kan ɗan taso a kai. Wanda aka ƙara wa sitaci don ya yi kauri yana da santsi, yana barin gari-gari a harshe. Ita kuwa furar, ka ce a ba ka curi ɗaya ka gutsura. Ta yau tana da laushi, citta da kanumfari suna tashi. Wadda ta kwana, a danshin Ikko, bayanta kan yi yauƙi, cikinta ya yi tsami tun kafin ta ga nono.

A dama a gabanka. Ka je da ruwan gorarka, kuma ka haƙura da ƙanƙarar da ake fasawa da guduma a kan buhu, don ba ka san ruwan da aka daskarar ba.

Tambaya: Na sayi kunun aya a cunkoson motoci na Oshodi, da na buɗe sai ya fitar da iska kamar lemon kwalba, ya yi kumfa. Na zubar. Mai sayarwar ce ta cuce ni, ko haka yake? Daga wata baiwar Allah 'yar Zariya.

Amsa: Hajiya, kin kyauta da kika zubar. Kunun aya, da ayar da dabinon da kwakwar da ke cikinsa, duk zaƙi ne da maiƙo, kuma ba a dafa shi, ana niƙawa ne a tace kawai. Saboda haka ƙwayoyin da ke sa tsami suna samun abinci nan da nan. A zafin rana, awoyi kaɗan sun isa ya juya. A firij mai wuta tsayayya yakan kai kwana 2 zuwa 3, to amma wa ke da wuta tsayayya? Abin da ya fi ɓata shi shi ne ya daskare, a ɗauke wuta ya narke, a sake daskarar da shi. Sanyin gora a hannu ba shaida ba ne.

Kafin ki biya, matsa gorar. In ta yi tauri kamar ƙwallo, iska ta taru a ciki, ajiye ta. Rabuwar da yake yi, fari a ƙasa ruwa a sama, ba lalacewa ba ce, girgizawa ake yi. Dubi murfin kuma: in zoben da ke ƙarƙashinsa a karye yake, tsohuwar gora ce aka sake cikawa, kuma ba kowa ke wanke ta da ruwan zafi ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. A watan Yunin 2024, lokacin da kwalara ta ɓarke a Legas, jami'an lafiya na jihar sun danganta wasu daga cikin waɗanda suka kamu a yankin Eti-Osa da wani kunun aya na gora marar rajista. In na kanti za ki saya, nemi lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, da ranar da aka yi shi. In na gida ne, saya da safe wurin wadda kayanta ke ƙarewa kullum. Zoɓo ya fi shi juriya tunda ana tafasa shi, matsalarsa sakarin ce, sinadarin zaƙin da ake sawa a madadin sukari, wadda ke barin ɗaci a maƙogwaro bayan zaƙin ya wuce.

Tambaya: Abokan aiki sukan gayyace ni cin abinci a Lekki da Victoria Island. Ba na shan giya. Me zan nema? Daga wani matashi ɗan Gombe.

Amsa: Ɗan'uwa, abin da za a fara miƙo maka shi ne Chapman, jan haɗin nan na Fanta da Sprite da kokwamba da lemon tsami. Ana lissafa shi cikin marasa bugarwa, amma da yawa suna ɗiga masa Angostura, wanda kashi 44.7 cikin ɗari nasa barasa ne. Ɗigo ne kawai, duk da haka ka ce a haɗa maka ba da shi ba, an saba jin wannan. Zoɓon irin waɗannan wurare ma ka tambaya, wasu suna haɗa shi da giya. Bammi kuwa, wanda Yarabawa ke kira emu, kada a ce maka ai ruwan itace ne: tun daga saukowarsa daga bishiya yake fara tsima. Maltina da Malta Guinness ba su da barasa, sai dai ka karanta jikin gwangwanin da kanka, don teburin da aka cika da kwalabe a cikin duhu, hannu kan yi kuskure.