Amsa: Ko sai mai digiri ke shiga ƙungiyar tarihin gari?

Malam, ka tambaya ko ƙungiyar tarihin gari za ta karɓe ka alhali ba tarihi ka karanta ba. Shiga kawai, wallahi ba sai da digiri ba. A tamu nan Kano, wanda ya fi kowa cika zaure ran laccarsa wani dattijo ne marini daga Kofar Mata. Ya zo da hannayensa shuɗi da baba, ya nuna mana yadda ake haɗa toka da kanwa a rijiyar rini, ya fi awa guda yana magana ba wanda ya motsa.

Laccocin wata-wata ne. Wata rana Sarki Muhammadu Rumfa da kafa kasuwar Kurmi, wata rana shigowar Turawa a 1903, wani lokacin kuma mu fita Gidan Makama ko mu hau Dala. Gaskiya wasu malaman jami'a kan karanto takarda har barci ya ɗauki mutum, amma lokacin tambayoyi ake cin moriya.

Ka tafi da littafi da biro. In kuma kakarka tana raye, fara da ita, ka naɗi muryarta a waya kafin ka je.