Tambaya da Amsa: An ce hauhawar farashi ta ragu, me ya sa kuɗin cefane ba ya isa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni matar aure ce mai 'ya'ya biyar, maigidana kuma ma'aikacin ƙaramar hukuma ne. Kullum muna ji a rediyo cewa hauhawar farashi ta ragu. Da ya ji haka sai ya ce ashe ba tsada ba ce, rashin tattalina ne, domin ya ƙara mini kuɗin cefane amma wata ba ya ƙarewa sai mun ci bashi a shagon unguwa. Maƙwabtana kuwa cewa suke yi ƙarya ce kawai gwamnati take yi. Wa ke da gaskiya, kuma yaya zan fahimtar da shi ba tare da cacar baki ba?

Wata uwargida daga Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Maigidanki ya ji labarin daidai amma ya ɗauke shi ba yadda yake ba, maƙwabtanki kuma sun ga abin da ke faruwa a kasuwa amma sun yi gaggawar yanke hukunci. Idan Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta ragu, ba ta ce kaya sun yi araha ba. Abin da take nufi shi ne, saurin da farashi yake tashi ne ya ragu, amma tashin yana nan. A ce kayan da kike saya naira 1,000 sun ƙaru da kashi 34 cikin 100 a shekara guda, sun zama naira 1,340. Idan shekara ta zagayo aka ce hauhawar ta sauko zuwa kashi 20, to kayan nan sun haura naira 1,600. Mai karanta labarai zai ce an samu sauƙi, ke kuma da kike tsaye gaban mai awo za ki ga an ƙara miki kuɗi, kuma babu wanda ya yi ƙarya a cikinku.

Akwai kuma abin da ba a cika bayyana wa jama'a ba. Hukumar ta ce a watan Disamban 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.80, sai ga shi a Janairun 2025 ta koma kashi 24.48. Wannan faɗuwar ta wata guda ba a kasuwa ta faru ba, ma'aunin lissafin ne aka sabunta, aka daina auna farashi da na shekarar 2009 aka koma na 2024. Sabunta ma'auni ba laifi ba ne, ya ma daɗe da cancanta, amma a ganina rashin yi wa talaka bayaninsa da harshen da yake ji ya taimaka wajen sa mutane irin maƙwabtanki daina yarda da duk wani adadi da ya fito daga bakin hukuma.

Tushen abin da ya cinye albashin maigidanki kuwa sananne ne. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce naira 1,000. A watan Yunin 2023 Babban Bankin Najeriya ya bar kasuwa ta riƙa tsayar da darajar naira, dalar da gwamnati take sayarwa kimanin naira 460 ta wuce 1,500 a farkon 2024. Duk buhun masarar da aka ɗauko daga Dawanau ko Giwa sai ya biya kuɗin mota kafin ya iso hannun mai awo, shi kuma mai awo a kan mudunki yake fanshewa. Gaskiya ne an ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 zuwa 70,000 a watan Yulin 2024, sai dai 30,000 ta shekarar 2019 ta fi dala 80, alhali 70,000 a ranar da aka sa mata hannu ba ta kai dala 50 ba. Saboda haka mutum zai iya ninka kuɗin cefane da zuciya ɗaya, ya kuma tarar abin da kuɗin ke sayowa ya ragu.

Ba ke kaɗai abin ya taɓa ba. A watan Fabrairun 2024 mata sun tare hanya a Minna saboda tsadar abinci, masu gurasa a Kano su ma suka fito kan tsadar fulawa, a watan Agusta kuma aka yi zanga-zangar da ta girgiza garuruwan Arewa da dama. Daga baya farashin hatsi ya ɗan sauko, abin da ya faranta wa mai saye ya kuma sa manomin da ya sayi taki da tsada kuka. Amma kuɗin haya, kuɗin makaranta, magani da kuɗin mota ba su bi hatsi sun sauko ba, kuma su ne suke fara yanke rabonsu daga albashi kafin a zo kan tukunya.

Game da maigida, shawarata ita ce kada ki yi gardama da shi a kan abin da rediyo ya faɗa. Ki samu littafi ki riƙa rubuta duk abin da ya fita na tsawon wata guda, tun daga mudun shinkafa da kwalbar man gyaɗa, har zuwa gawayi, niƙa, sabulu da kuɗin tara na yara. Waɗannan ƙananan su ne suke ɓacewa daga lissafin namiji, domin shi buhu yake tunawa, ba ya tuna naira 200 ta niƙa da ake bayarwa kusan kullum. Idan wata ya ƙare, ki zaɓi lokacin da ya ci abinci ya huta, ki ajiye masa littafin, sannan ki roƙe shi cikin ladabi ya yi cefanen mako ɗaya da kansa. Magidanta da yawa da suke zargin iyalinsu da almubazzaranci sun daɗe rabonsu da tsayawa gaban mai kayan miya. Ke ma ki shirya, domin littafin ba ya son kai: idan anko da gudummawar biki suna cin wani kaso, zai nuna, kuma gara ki riga shi faɗa.

Bashin shago shi ne ya fi damuna a wasiƙarki, saboda albashin da bai zo ba ake ci, wata mai zuwa kuma ya fara da giɓi. Idan da hali, ku shiga adashi da mutanen da kuka amince da su, ku nemi kwasarku ta faɗo lokacin kaka, sa'ad da masara, gero da wake suka fi araha, ku sayi abin da zai kai ku damina, ku adana waken a buhun da ba ya shan iska don gudun ƙwari. Ku guji manhajojin ba da rance na waya, domin ruwan da suke ɗorawa yana da yawa, ga haramcin riba, wasunsu kuma sukan aika wa 'yan'uwa da abokan mutum saƙon tozarci idan ya makara. Shi kuma mai shagon, ku zauna da shi ku tsayar da abin da za ku riƙa rage masa duk wata, ku daina karɓar sabon kaya bashi har sai tsohon ya ƙare.