Filin da gwamna ya bayar, tarayya ta ce nata ne

Malam, na karanta wasiƙarka, kuma na fahimci cewa gwamnatin jiharku ta ba ka takardar shaidar mallakar fili, ka fara gini har ya kai linta, sai ma'aikatan wata hukumar tarayya suka zo suka shafa jan fenti a katanga suna cewa wurin nasu ne.

Hujjar da ka dogara da ita, wato cewa duk ƙasar jiha tana hannun gwamna, tana da tushe, amma akwai togaciya. Sashe na 1 na Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ya damƙa wa gwamna ƙasar jiharsa bisa amana, sai dai sashe na 49 ya keɓe duk filin da gwamnatin tarayya ko hukumominta ke riƙe da shi a ranar da dokar ta fara aiki, 29 ga Maris 1978, irin su filayen jirgin ƙasa da barikokin soja. Idan filinka yana cikin waɗannan, to gwamna ya yi kyauta da abin da ba nasa ba, kuma takardarka, duk da hatimin da ke kanta, ba za ta cece ka a gaban alƙali ba.

Saboda haka abin da za a fara binciko shi ne lokacin da hukumar ta samu filin da kuma inda iyakarsa ta tsaya. Lauyanka ya rubuta mata ya nemi taswira da takardun da ta dogara da su, kai kuma ka ɗauki safiyo mai rajista ya gwada duwatsun iyaka da taswirar, domin a nawa ganin ba kasafai jan fenti yake tsayawa inda taswira ta tsaya ba.

Idan kuwa yanzu ne tarayya take buƙatar wurin, dole ta bi ta hannun gwamna ya soke haƙƙinka da rubutacciyar sanarwa bisa sashe na 28, a biya ka diyyar gini da sauran abin da ka raya bisa sashe na 29.

Ƙararka Babbar Kotun Jiha za ta je, kamar yadda sashe na 39 ya tanada, kuma can za ka roƙi umarnin hana rusau kafin a yanke hukunci. Kafin nan ka dakatar da magina, ka ɗauki hoton ginin da fentin, ka adana rasiɗan siminti da rodi.