Auta, kada ka sayar da Homar nan tukuna

Auta,

Na saurari saƙon muryarka sau uku, na farko a jirgin ƙasa ina dawowa daga aiki, sauran biyun bayan na yi isha'i. Minti goma sha ɗaya kana magana, amma abin da na tsinta a ciki uku ne: injin motar Hiace (Homa) da Baba ya bari, Allah ya jiƙansa, ya fara tafasa kuma yana ƙara da safe, wani a Kwangila ya taya ta, ka kuma samu ejan da ya ce zai shigo da kai Japan da "bizar Kisarazu" in ka kawo kuɗi. Ka ce kada in yi maka kara. To, ba zan yi ba.

Maganar biza ba ta da tsawo: babu ita. A watan Agustan 2025, lokacin taron TICAD na Japan da ƙasashen Afirka a Yokohama, JICA, hukumar Japan mai tallafa wa ƙasashen waje, ta haɗa garuruwan Japan huɗu da ƙasashen Afirka huɗu don zumunci, Kisarazu ta faɗo kan Najeriya. Kafin labarin ya iso gida an sa masa gishiri, aka ce an ba mu gari, an buɗe mana biza ta musamman. Gwamnatin Japan ta ƙaryata, Japanawa suka tayar da ƙura, kafin Satumba ya ƙare JICA ta janye shirin ɗungurungum. Iyakar abin da ejan ɗinka zai iya shi ne ya samo maka bizar ziyara, ya ce in ka sauka ka nemi mafaka. A 2023 mutum 13,823 suka nema, 303 aka amince wa, kuma tun 2024 doka ta ba su damar mayar da wanda ya nema karo na uku. Na san wasu da suka biyo wannan hanyar. Ba sa iya zuwa gida, ba sa iya zama da daɗi.

Yanzu mu zo kan motar, don nan ne raina ya ɓaci. Ka ce "inji ya mutu". Auta, injin da ke ƙarƙashin kujerar direba a Hiace ɗin nan 2TR-FE ne, kuma shekara bakwai ke nan ina ciro irinsa daga motoci a wani yadi kusa da Nagoya. Wanda na gani ya mutu don kansa ba su kai yatsun hannuna ba. Kashe su ake yi.

Lita 2.7 ne, silinda huɗu, bawul goma sha shida. Faɗin silindar milimita 95, tafiyar fistin ma 95. Gangar jikinsa baƙin ƙarfe ce, kansa kuma alminiyam. Ba bel ke juya taimin ɗinsa ba, kaca ce, shi ya sa ba ka taɓa jin Baba ya ce bel ya tsinke masa a hanyar Kano ba. Shi ya gaji injin 3RZ, ya shigo tare da Hiace ɗin da aka fitar a 2004, wadda muke kira Homa, kuma shi ɗin ne dai a Hilux da Prado masu shan fetur. Ƙarfinsa doki 150 da ɗoriya, wanda aka gyara a 2015 ya kai 160. In ka auna da girmansa, wannan ƙarfin ba abin a zo a gani ba ne. Akwai ƙananan injuna da suka fi shi. To ai sirrin ke nan. Ba a matse shi ba. Jaki ne, ba dokin sukuwa ba: ba zai burge ka a hawan Sallah ba, amma zai kai kaya kasuwa ya dawo. Laifinsa da kowa ya sani shi ne shan mai, kuma na san tun da aka cire tallafi a Mayun 2023 cika tankin lita 70 ya zama abin da sai an yi shawara. Wannan ba zan musa maka ba.

Amma tafasa? Bari in yi maka duba daga nan, ba ƙasa ba alli. Na rantse an cire masa tamostat. Kowane gareji daga Sabon Gari har Tudun Wada abu na farko da ake yi wa mota ke nan, wai ƙasarmu da zafi. Alhali ɗan abin nan shi ke riƙe ruwa har zafi ya kai wajen digiri 82 sannan ya buɗe, shi ke sa ruwan ya bi hanyar da aka tsara masa. In babu shi, inji yakan daɗe bai ɗumama ba, birenbos, wato kwamfutar motar, ya ɗauka har yanzu da sanyi ya yi ta ƙara masa fetur. Ga man da kake kuka da shi. Na biyu, ruwan rijiya kuke zuba wa lagireto. Ruwan yana barin tsatsa da farin gishiri a ciki, ƙananan hanyoyin su toshe, fanfon ruwa ya cinye. Rannan sai allura ta hau ja a Jaji, mota cike da fasinja da buhunan masara a but, yaron mota ya buɗe murfi ya kwara ruwan sanyi. Alminiyam da baƙin ƙarfe ba sa buɗewa daidai in sun ji wuta. Kai ya ɗan lanƙwashe, gaskit ya ƙone. Daga nan kullum sai an ƙara ruwa. Wannan ba mutuwa ba ce, jinya ce: a sauke kan, a auna, a share shi a wurin masu injin gogewa in bai wuce misali ba, a sa gaskit na gaske, a wanke lagireto ko a canja, a mayar da tamostat, a zuba ruwan sanyaya inji na galan.

Ƙarar safe kuma, in ta ɗan yi kakaf-kakaf na daƙiƙa biyu uku ta ɗauke, baƙin mai nake zargi. Wannan injin ba irin 2RZ ɗin tsohuwar Hiace da ka koyi aiki a kai ba ne, mai cin duk abin da aka ba shi. Naka yana da VVT-i, tsarin da ke daidaita lokacin buɗewar bawul, kuma da mai yake aiki: matsin mai ne ke juya giyar taimin, shi ke ɗame kaca, shi ke cike tazarar bawul. Akwai wata 'yar rariya kafin bawul ɗin da ke tura man, datti kaɗan ke toshe ta. Kai kuwa, in ban manta ba, mai kauri kake saye a bakin titi, wanda ake aunawa a gorar ruwa, a kan "ya fi riƙe inji". 5W-30 aka rubuta masa. Ka zubar da wancan, ka canja filta, ka wanke rariyar, ka saurara kwana uku. In ƙarar mai nauyi ce daga ƙasa, tana ƙaruwa in ka taka totur, wannan metal ne, wato beyarin da ke can ƙasan inji, magana ta canja. Ko hakan ne, a sa injin Beljiyam ya fi a rabu da motar.

In ta kai ga haka, ka je Panteka ko Ƙofar Ruwa da idonka biyu. Akwai ƙanensa 1TR, lita 2.0, wanda ya cika motocin kaya a nan, kuma kamarsu ɗaya in an wanke an shafa mai. Ka duba lambar da aka buga a jikin gangar, kada ka bi takardar da aka manna. Ka tambaya ko na kafin 2015 ne ko na baya, don na baya VVT-i ɗinsa biyu ne, ba zai yi magana da birenbos ɗinka ba. Wanda aka ciro daga Hilux ko Prado kuma sai an canja masa wasu kayan jiki kafin ya zauna a Hiace. Kada ka ce in aiko maka da mota sukutum: na nan sitiyarinsu a dama yake, mu kuwa mun koma tuƙin hannun dama tun 1972.

Na san ba don inji kaɗai kake son tafiya ba. Ka gaji da layin lodi, da kamasho, da fasinjan da zai yi ciniki kamar ran sa zai fita. Ka ga hotona da rigar sanyi. Abin da hoton bai nuna ba: satina na farko a wurin aiki na ɗaure tayar wata mota da hannu, yadda muka saba, har da ɗan taka sifana da ƙafa. Shugaban sashen, wani dattijo da ko kallona bai yi ba, ya sa na kwance duka na sake da sifanar awo, kowane noti da lambarsa, na rubuta a takarda na sa hannu. Ni da digirina na injiniya daga Samaru. Rannan na gane abin da ya sa injinansu ke zuwa mana kamar sababbi. Motar kaya a nan, bayan binciken farko, duk shekara sai ta je gwajin gwamnati da suke kira shaken, da kuɗi mai yawa, har mutum ya ga gara ya sayar ya sayi wata. Kunnenka da ke gane ciwon inji daga ƙara baiwa ce, ni ma ban kai ka ba. Amma nan ba a ɗaukar kunne aiki. Takardar shaida ake tambaya, da harshe. Bizar ƙwararrun ma'aikata da suka buɗe a Afrilun 2019 ta haɗa da gyaran mota, sai dai sai ka ci jarrabawar sana'a da ta Japananci matakin N4, kuma ejan ba ya rubuta wa mutum jarrabawa. Juma'a ma ranar aiki ce. Zuwa masallacin Nagoya sai na roƙi awa biyu na biya da yamma.

In da gaske kake, ƙofar da na shigo tana nan: tallafin karatu na gwamnatin Japan, MEXT. Ofishin jakadancinsu da ke Abuja ke sanarwa wajen Afrilu zuwa Mayu, ba ka biyan ko sisi wajen nema. Na digirin farko sai ɗan ƙasa da shekara 25, kai kana 23, ka ga lokaci bai ƙure ba amma bai yi yawa ba. Lissafi da Turanci ne za su kayar da kai in ba ka koma kan littafi ba. Kafin nan ka leƙa NITT, cibiyar koyar da fasahar sufuri da ke hanyar Basawa, ka tambayi kwasa-kwasansu, musamman na mayar da mota mai amfani da gas. Da wannan tsadar fetur, mai Homa da ya iya wannan aikin ba zai rasa abin yi a Zariya ba ko tafiyar ba ta yiwu ba. Duk wannan yana son kuɗi kaɗan-kaɗan a kai a kai, kuma motar ce kaɗai ke kawo su. Ita ke biyan kuɗin makarantar 'yan biyu, ita ke sayen maganin hawan jinin Inna. Guntun gatarinka ne.

Gobe da asuba, kafin kowa ya taɓa ta, ka sa wayarka kusa da inji ka tayar, ka ɗaukar mini minti ɗaya. Ka buɗe murfin baƙin mai ka ɗauki hoton cikinsa, ina son in ga ko ya yi fari kamar koko. Ka duba salansa ko tana farin hayaƙi bayan inji ya ɗumama. Kuɗin gaskit da tamostat a kaina, zan turo ranar 25 in an biya mu. Wanda ya taya motar ka ce masa yayanka bai yarda ba, ka ɗora mini laifin. Ka gaishe da Inna, kuma kada ka gaya mata maganar ejan ɗin nan.