Randa biyun gidanmu ba camfi ba ne

Wa alaikumus salam ɗana, na ga saƙonka tun shekaranjiya, idon ne ba ya son rubutun waya da dare shi ya sa sai yanzu. Kace kana so ka fitar da randa ɗaya daga zaure tunda kun sa tankin sama, kuma kana tambaya wai me yasa tun tasowarka randa biyu ake ajiyewa a gidan, ana shan wannan yau gobe a sha waccan, ana lulluɓe su da jiƙaƙƙen buhu, ko wani camfi ne na mutanen da. Toh ba camfi ba ne, babu malami ko boka a cikin maganar. Daga kan jirgin ƙasa kakanka ya kawo ta gida.

Ka san shi fayaman ne a jirgin kwal, mai zuba wa wuta kwal da shebur, muna zaune a kwatas ɗin reluwe a Zariya lokacin ina firamare. Mutane na ɗauka aikin fayaman wuta ce kawai. Shi kuwa cewa yake wuta ai ko yaro zai iya hura ta, ruwa ne aikin. Kan jirgin nan ba komai ba ne illa ƙatuwar tukunya a kwance kan ƙafafun ƙarfe, wuta a baya wajen da direba da fayaman suke tsayawa, ruwa ya kewaye murhun ta sama da gefe, tururin da ya tashi shi ke tura ƙafafun. Kuma abin shan ruwa ne da shi kamar raƙumin da ya dawo daga Bilma, in ka auna nauyi ruwan da yake sha ya ninka kwal ɗin da yake ci wajen sau shida. Shi yasa duk tashar da ka ga tsohon tankin ƙarfe a sama kan dogayen ƙafafu, da wani famfo mai dogon wuya a gefen layi, to mashayar jirgi ce. Kwal daga Inugu ake kawo shi, amma ruwa dole a same shi a hanya, kuma ka san halin ƙasarmu da rani. Layin ya iso Kano a 1911, ya kai Ƙauran Namoda a 1929, Nguru a 1930, duk inda ka ƙara yin arewa ruwa na ƙara wuya.

Yanzu ga inda randa biyun suka fito. Tukunyar cike take da tururi mai ƙarfin gaske, to ta yaya zaka ɗura mata ruwa alhali abin da ke ciki so yake ya fito? Wani Bafaranshe mai suna Henri Giffard ya gano dabarar a 1858, abin da su baba ke kira injekta. Ɗan ƙarfen tagulla ne ƙarƙashin inda suke tsayawa, ba injin a ciki ba abin da ke juyawa, wasu 'yan mazurarai ne kawai a jere. Sai a ɗebo tururi daga tukunyar kanta a matse shi ta ƙaramin baki ya fito da gudu, ya haɗu da ruwan sanyi daga tankin baya, sanyin ya sa tururin ya koma ruwa nan take amma gudun nasa bai tafi ba, sai ya kwashi ruwan ya banka wani bawul ya shiga tukunya. Ni har yau in na tuna abin yana ɗaure min kai, tukunya da ƙarfinta ake cin ƙarfinta. In ya kama aiki yana wani ɗan fito siriri, baba yace ko barci yake a tsaye kunnensa na jin wannan fiton, in ya ɗauke gabansa ya faɗi.

Kowane kan jirgi injekta biyu ne da shi, saboda abin akwai shi da taurin kai. Babban abokin gabarsa ruwan ɗumi. In ruwan tanki ya yi zafi tururin ba zai koma ruwa ba, sai kawai ya yi ta feshi ta bututun ƙasa, ko ɗigo bai shiga tukunya ba. To ka ƙiyasta tankin ƙarfe baƙi ƙirin a rana tun safe a watan Afrilu. Ga laka, ga ganye, har kwaɗi da 'yan kifaye yace sun sha cirowa daga rariyar bututun in ruwan kogi aka ɗura. Wani lokacin kuma bawul ɗin shiga tukunyar ne zai ƙi rufewa saboda datti, tururi ya dinga dawowa baya yana gasa injektan, sai an ɗan ƙwanƙwasa shi da guduma. Maganin da suka sani shine a jiƙa buhu a naɗe shi, a dinga kwara masa ruwa har ya huce. Kaga asalin jiƙaƙƙen buhun da kake gani kan randa, duk da dai ita randa dama iyayenmu mata sun san wannan tun kafin Bature ya zo, shi dai ya mayar da shi doka ne.

Abin da ya fi nanatawa kuwa, kar ka ce ɗaya na aiki ɗaya na ajiya. Wanda aka ajiye ba a taɓawa shi ke toshewa, ranar da ka neme shi ranar zai kunyata ka. Sai dai a yi ta musaya, wannan yanzu wancan anjima. Shine yau randar dama gobe ta hagu.

Akwai wata rana da bai cika son ba da labarinta ba, sau biyu kawai na ji daga bakinsa. Jirgin kaya ne suka ɗauko gyaɗa da bazara, tsakanin tasha da tasha a daji injektan farko ya ƙi, ya koma na biyu shima ya ƙi. A gabansu akwai wani ɗan gilashi kamar yatsa mai nuna inda ruwa ya tsaya a tukunya, yana kallo ruwan na sauka a hankali. Ƙa'idar ita ce rufin murhun dole ruwa ya rufe shi kullum, in ya bushe ƙarfen zai yi ja ya yi laushi, ƙarfin tururi ya burma shi, kuma inda zai fito nan mutum biyun suke tsaye. Ga shi gangara ce a gabansu, in jirgi ya sunkuya ruwan gaba yake tafiya ya bar bayan. Akwai wani toshi mai dalma a rufin da aka yi don ya narke ya fesa wa wuta ruwa ya yi gargaɗi, amma a wajensu narkar da dalma abin kunya ne da zai bi mutum har ritaya. Direban ya tsayar da jirgi, suka fara shirin kwashe wutar su zubar a ƙasa, shi kuma ya tuɓe rigarsa ya tsoma a bokitin ruwan shansu ya naɗe injektan, ya juye sauran ruwan a kai, ya jira, ya sake buɗewa a hankali. Yace da fiton nan ya tashi sai da ya zauna dirshan a kan kwal. Tabon da ke bayan hannunsa na dama daga ranar ne, mamanka zata tuna shi.

Sannan ga maganar wanke randa duk Juma'a da kuke ƙorafi a kai kuna yara. Leƙa cikin butar shayin da ta daɗe, zaka ga wani farin abu ya manne kamar siminti. Haka ruwa mai zartsi ke yi wa tukunyar jirgi, ya lulluɓe ƙarfen, zafi ya kasa ratsawa, kwal ya ƙone a banza, bututai su fara yoyo. In dattin ya yi yawa kuma ruwan ya dinga kumfa yana bin tururi zuwa inda bai kamata ba, kaga jirgi na tofar da baƙin ruwa ta bututun hayaƙi yana ɓata wa mutane wanki. Don haka ake shigar da kan jirgi loko, wato rumfar da ake gyaran kawunan jirgi, a kashe wuta a buɗe matosai a wanke cikin da tiyo da sandunan ƙarfe. Na sha kai masa abinci can, ka ga laka fara na malala a ƙasa kamar an zubar da kunu. Mu yara abin da ya dame mu shine ruwan zafin da ke zuba ta bututun ƙasa in jirgi ya tsaya, da hunturu mata kan tura mu da bokiti, fayaman mai kirki ya sakar maka kaɗan, mai zafin rai ya kora ka da tururi.

Da jiragen dizal suka fara shigowa wajen 1955 abokansa da yawa sun yi ta zaginsu wai ba su da rai. Shi bai taɓa zagi ba, kuma ni ina ganin shi ke da gaskiya, masu kewar jirgin kwal yawancinsu daga bakin tasha suka san shi. Amma har ya rasu, Allah ya jiƙansa, in ya dawo daga asuba sai ya ɗaga faifan kowace randa ya leƙa kafin ya zauna.

Game da tambayarka, gida a hannunka yake yanzu, ba zunubi in ka fitar. Ni dai tankin saman nan naku da famfon lantarki yake cika, kuma ka fi ni sanin halin wutar unguwarku. In ka ga dole sai ɗaya ta fita to kar ka taɓa ta hagu, kakarka ce ta zo da ita cikin kayan aurenta, ta dama kuwa ni na saya a kasuwa bayan ta asalin ta fashe. Ka bari dai sai na zo da ƙaramar sallah mu gani. Ka gaida mamanka da maiɗakinka, ka ce wa 'yar autarka ban manta da alkawarin alawa ba.