Takardun izinin hayaƙinmu sun gaza: mu biya tara mu huta?

Tambaya: Barista, ina aiki a sashen kuɗi na wata tashar wutar lantarki mai amfani da gas a Jamus. Hayaƙin da muka fitar bara ya zarce takardun izinin da ke hannunmu. Shugabana ya ce mu biya tara kawai a wuce wurin. Hakan zai fishe mu?

Amsa: Ɗan'uwa, ba zai fishe ku ba, kuma ina roƙon ka da ka sanar da shi tun da wuri.

Tsarin cinikin hayaƙi na Tarayyar Turai ya fara aiki a 2005, kuma wajibi ne a kan duk tashar da ƙarfin ƙona makamashinta ya haura megawat 20. Kowane tan ɗaya na iskar kabon da kuka fitar, sai kun miƙa takardar izini ɗaya a madadinsa. Tun 2013 kusan an daina ba masu samar da lantarki takardun kyauta, saya ake yi.

Tarar Yuro 100 ce a kan kowane tan da ba a miƙa takardar izininsa ba, tana kuma ƙaruwa gwargwadon hauhawar farashi. Abin da shugabanka bai lura da shi ba shi ne, biyan tarar ba ya sauke bashin. Baɗi dole ku miƙa takardun da kuka gaza bayarwa, haɗe da na sabuwar shekara. Ga tara, ga sayen takardu, ga kuma wallafa sunan kamfaninku cikin waɗanda suka saɓa doka.

Kada kuma ku sa ran sassauci a kotu. A shari'ar kamfanin Billerud na Suwidin a 2013, kamfanin yana da isassun takardu a asusunsa, miƙawa ce kawai bai yi a kan lokaci ba. Kotun Tarayyar Turai ta ce tara tana nan daram, sai fa idan wani al'amari ne daga waje da ya fi ƙarfin kamfanin ya hana shi. A ganina hukuncin ya yi tsauri, amma shi ake bi.

Mafitarku ita ce ku cike giɓin kafin wa'adi. Daga 2024 ranar ƙarshe ta miƙawa ta koma 30 ga Satumba, maimakon 30 ga Afrilu. Kuna iya saye a gwanjon da ake yi a kasuwar makamashi ta EEX da ke birnin Leipzig na Jamus, ko daga bankuna da dillalai. Ku bar 'yan kwanaki don takardun su shiga asusunku na rajistar Tarayyar Turai, inda ake ajiye takardun izinin.

Idan kuwa kana zargin kuskure a lissafin hayaƙin kansa, ka koma wurin mai tantancewar da ya sa hannu a rahoton hayaƙinku na shekara, wanda ake miƙawa zuwa 31 ga Maris, ku rubuta wa hukumar cinikin hayaƙi ta Jamus da ke Berlin. Shawarar da ka ba shugabanka ma ka ba shi a rubuce, ka ajiye kwafi.